Goro Da Makirfo

Tun daga bakin titi Latifa ta jiyo muryar Baba Saley cikin lasifika, ta kuwa gane ta nan take.

Ai duk wanda ya tashi a unguwar Wangara ta garin Jugu ya san wannan murya, don ba a suna ko ɗaurin aure a gidan mahaifinta Alhaji Badamasi sai da ita. Kakan Baba Saley shi ne makaɗin ayarin kakannin Alhaji, tun ana zuwa Gwanja fataucin goro da jakuna. Shi ya sa har yau, duk da ya koma Paraku da zama, da hidima ta taso sai a aika masa.

To amma wace hidima ce yau da ita ba ta sani ba? Da safe lafiya lau ta bar gidan mahaifinta, ta tafi Seru ɗaukar hirar wasu tsofaffi masu man kaɗe, saboda shirin da take yi wa mutane a waya duk ranar Juma'a.

Ta taɓa kafaɗar mai babur ɗin da ya ɗauko ta, ya tsaya. Sai a lokacin ta ji abin da ake faɗa.

"Jama'ar Wangara, goro ya fito daga gidan Alhaji Badamasi jikan madugu. An ba Abdulrazak ɗan Hajiya Memuna auren Latifa. Wanda ya ci ya shaida."

Ta sauka daga babur ɗin, ranta a ɓace. Amma wallahi ba shelar ce ta fi ci mata rai ba, mai shelar ne. Baba Saley shi ya haifi Zailani. Zailanin da ta buɗe baki ta ce wa mahaifinta, in ba shi ba sai dai ta zauna haka.

Tsohon yana ganinta ya sauke lasifikar. Idanunsa sun yi ja, ya kasa haɗa su da nata.

"Uwar ɗakina, ki yafe ni," ya ce a hankali. "Aiko ni aka yi."

"Na sani, Baba. Sannu da aiki."

Ta wuce shi da sauri, don ta san in ta ƙara kalma ɗaya kuka ne zai biyo baya.

Tsakar gida cike take da mata, kowace baki ja wur da goro. A tsakiyarsu Gwaggo Memuna ce zaune a kan kujera, ƙanwar mahaifinta kuma uwar Abdulrazak, wadda tun rasuwar mahaifiyar Latifa ta naɗa wa kanta sarautar gidan, alhali aurenta yana can Paraku.

"Ga amarya nan," in ji Gwaggo, tana washe baki. "Shiga ɗaki ki ga abin arziki. Ba ke ce kullum cikin mita ba, wai waya tana ɓata miki murya? To ga makirfo nan yayanki ya sa an kawo miki daga Kwatano, ba irinsa a Jugu kaf. Kuma ba shi kaɗai ya zo ba, da goronsa ya zo."

"Wa ya kwance goron, Gwaggo?"

"Ni na kwance. Ko ban isa ba?"

A nan fa maganar take. A gidan fataken goro, goro ba abin wasa ba ne. In na mai neman aure ya zo, a ɗaure ake ajiye shi cikin ganyensa har sai an tambayi yarinya. In ta ce a'a, a mayar da shi yadda ya zo, ba wanda ya ji, ba wanda ya ji kunya. Amma in aka kwance aka raba, to magana ta fita, kuma mutuncin mai gida ne a kanta. Gwaggo Memuna ta fi kowa sanin haka. Da saninta ta kwance kafin a tambaya, da saninta kuma ta ɗauko Baba Saley a motarta tun daga Paraku. Ni dai ban taɓa ganin mugunta mai tsari irin wannan ba.

Latifa ta bar ta nan zaune. Ta leƙa ɗaki, ta ga kwalin a kan gadonta, ƙato da shi, an ɗaure shi da jan zare. Ta juya ta nufi zauren mahaifinta.

Alhaji Badamasi yana zaune yana tsince goro, yana ware mai tsutsa gefe. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ba a tambaye ni ba."

"Na sani." Bai ɗago ba. "Memuna ta yi gaggawa, na kuma faɗa mata. Amma an riga an kwance."

"To a ce kuskure aka yi."

"A ce wa wa? Wangara duka ta ci. Limami ya ci." Ya ajiye goron da ke hannunsa. "Latifa, na taɓa yi miki dole? Kika ce karatu, na bar ki har jami'a. Kika ce za ki riƙa magana a waya duniya tana ji, aka yi ta yi da ni a bakin masallaci, na toshe kunnena. Sa'anninki duk suna da 'ya'ya uku uku, ban ce miki komai ba. Abu ɗaya na ce ba zai yiwu ba."

"Me Zailani ya yi?"

"Bai yi komai ba. Yaro ne mai ladabi. Amma ubansa durƙusawa yake yi a nan inda kike, ya yi min kirari in ba shi kyauta. Haka ubansa ya yi wa ubana. Gobe kuma sai in kira shi suruki, mu zauna tabarma ɗaya?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Zailani bai taɓa roƙon kowa ba, Baba. Shago gare shi kamar yadda kake da shago. Kuma kirarin da kuke jin daɗinsa, in ba su, wa zai tuna sunan madugu a garin nan?"

"Ki iya bakinki."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye maganar ba.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sassauta murya. "Makirfon da kike ta nema ga shi an kawo. Ranar Juma'a ki jona shi ki yi shirinki, ki gode wa mutanen da suka taya mu murna. Daga nan magana ta ƙare."

Washegari da hantsi tana cikin motar Paraku, kwalin a kan cinyarta, jan zarensa ko motsi bai yi ba.

A unguwar Ganu ta sami Abdulrazak, a bakin ma'ajiyarsa ta kashu, yana tsaye ana ɗora buhuna a babbar mota. Gaskiya ba mummuna ba ne, ba kuma mugu ba. Mutum ne kawai da tun yana yaro bai taɓa nuna abu an ce masa babu ba.

Da ya gan ta fuskarsa ta washe. Da ya ga kwalin kuma ta koma.

"Bai yi miki ba ne? Cewa na yi a ba ni wanda ya fi kowane."

"Ban buɗe ba, Yaya."

"Don me?"

"Ka tambaye ni a ina nake ɗaukar magana? Ka san a tsakar gida nake zama da tsofaffi, ana daka, awaki suna kuka? Ka tambaye ni wani abu ma, ko guda ɗaya?"

Ya yi 'yar dariya. "In don wannan ne, kwantar da hankalinki. Na ware miki ɗaki a sabon gidana, da na'urar sanyi, da ƙofa mai kauri. Ko ƙuda ba zai dame ki ba."

"Tsofaffin fa? Su ma ɗakin za su zo?"

"Wannan yawon ƙauye a kan babur ai dole ki bar shi. Ki yi ta maganarki daga gida, ba wanda zai hana ki."

"Yaya Abdulrazak, kai ɗan'uwana ne, ina ganin girmanka. Amma ba na sonka da aure, kuma ka sani tun ba yau ba."

Murmushin ya ɓace gaba ɗaya. Ya dubi masu dakon da suka fara kasa kunne, ya rage murya.

"Saboda ɗan maroƙi?"

"Saboda Zailani."

"To ji nan. Ba ke kika karɓa ba, ba ke za ki mayar ba. Kawu ne zai mayar, shi kuwa kin san ba zai ci mutuncin kansa ba. Goro kuma an cinye, me za ki kawo min a madadinsa?"

"Ban ci ko ɓari ba."

Ta ɗora kwalin a kan buhunan kashu, ta gyara mayafinta ta tafi. Yana kiran sunanta ba ta waiwaya ba.

Shagon Zailani yana kusa da kasuwar Arzeke, ɗan ƙarami, cunkushe da lasifiku da igiyoyi da kayan sauti na haya. Ta same shi zaune ya zuba wa titi ido. Kwana ɗaya kacal, amma har ya faɗa.

Ya miƙe da sauri. "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe."

Maganar ta soke ta har cikin zuciya.

"Yau ni ce ranki ya daɗe?"

Ya kawar da kai.

"To shi ke nan, mai shago. Makirfo na zo saya."

"Na ji ai an kawo miki."

"Na mayar. Tun yaushe kake ce min in zo in gwada da kunnena? To ga ni na zo."

Ya dube ta. Sai ya juya ya shiga sauko da kwalaye, don aikin ya fi masa sauƙi a kan kallonta. Ya buɗe kwamfutarsa a kan tebur, ya jawo mata kujera.

"Duka waɗannan na USB ne," ya ce. "Ba ruwanki da wata na'ura a tsakani, ki soka a kwamfuta kawai ya kama. Amma iri biyu ne. Wanda aka kawo miki, me aka zana a jikin kwalin?"

"Wani dogo ne mai ƙafa uku, da fitila a jikinsa."

"Ɗan'uwan wannan ke nan." Ya ɗago wani mai sheƙi. "Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, mai kyau ne. Ya fi duk abin da ke shagon nan fitar da murya."

"Har yabonsa kake yi?"

"Gaskiyarsa nake faɗa. Sa wannan a kunne."

Ya miƙa mata abin sauraro, ta ɗora a kan mayafinta. Yana jona makirfon sai ta ji Paraku gaba ɗaya ta faɗo mata cikin kai. Baburan haya, mai tallan doya, fankar da ke bisa kansu, wata mata tana ciniki da yaren Dendi a shagon gaba, har numfashin Zailani tana ji.

"Yi magana," ya ce.

"Assalamu alaikum, masu saurare." Muryarta ta fito tas, mai daɗi, amma tana iyo cikin hayaniya. Ta cire abin da sauri. "Kai, wannan ai ɗan gulma ne."

Dariya ta kusa kuɓuce masa, ya danne.

"Ɗaki shiru yake so, a rufe ƙofa a rufe taga. In kin samu haka, ba kamarsa."

"An yi min tayin irin ɗakin ɗazu. Kawo ɗayan."

Ɗayan baƙi ne, gajere, mai nauyi a hannu, ba wani ado. Ya jona, ya nuna mata ramin da ake soka abin sauraro a gindinsa, da ɗan maɓallin ƙara murya da ragewa.

"Wannan sai kin matso. Kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bakinki. Kuma ta kansa ake magana, ba ta gefe ba."

Ta matso ta yi sallama. Kasuwa ta ja baya can nesa, sai muryarta kaɗai, kusa, kamar tana yi wa mutum magana a kunne.

"Yana da nasa aibin," in ji Zailani. "In shirinki na Juma'a za ki yi ta kwamfuta, ba ki da matsala, ke kaɗai ce a gabansa. Amma tsofaffinki ba sa zama wuri ɗaya. Tsohuwa tana juya kai za ki rasa rabin maganarta. Sai dai ki riƙe mata shi, ki riƙa bin bakinta. Hannu zai gaji."

"Zan riƙe."

"Akwai ƙanana na maƙalawa a wuyan riga, in kina so."

"Wace tsohuwa ce za ta yarda a maƙala mata abu a ƙirji? Wannan nake so."

"Ki ƙara tunani. Wancan ya fi shi."

"Na ce wannan nake so, Zailani. Ko shi ma sai an zaɓar min?"

Nan fa ƙarfin halinsa ya ƙare. Ya zauna a kan wata lasifika, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suka shiga rawa. Tunda take da shi ba ta taɓa ganin kukansa ba.

"Ubana ne ya yi shelar, Latifa. Da bakinsa. Ya dawo gida jiya ko ruwa bai sha ba, ya zauna yana ta kallon bango."

"Tilasta shi aka yi."

"Wa ya san haka? In na ci gaba da nemanki, na ƙaryata shi a gaban Wangara ke nan. Maroƙin da aka ƙaryata shelarsa, wa zai sake kiransa? Ba abincinsa nake ji ba, ni zan iya riƙe shi. Amma wannan muryar ita ce duk abin da yake taƙama da shi a duniya."

"Ni fa? Ni me nake taƙama da shi?" Kuka ya ƙwace mata ita ma. "An raba ni a unguwa kamar sadaka ina can Seru ban sani ba. Na shigo gida mata suna min guɗa. Na taso tun daga Jugu na ajiye wa Abdulrazak kayansa a gaban yaransa. Na zo wurinka, kai kuma ka tarbe ni da ranki ya daɗe."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri ya ishe ni. Kowa haƙuri, kowa haƙuri. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka dube ni ka amsa. Kana nan, ko ka fasa?"

"Alhaji ba zai taɓa yarda ba."

"Ba Alhaji na tambaya ba."

Ya ɗago jajayen idanunsa. "In na ce na fasa, Allah zai kama ni da ƙarya. Ina sonki, Latifa. Ko a jiya da nake jin an gama, ban daina ba."

"Shi ke nan abin da na zo ji."

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Shi kuma ya tashi ya mayar da baƙin makirfon cikin kwalinsa, ya haɗa da igiya da abin sauraro, ya tura gabanta.

"Ki tafi da shi. Kyauta ce."

"A'a. Kyauta ta ishe ni haka. Sayarwa kake yi, saya na zo yi."

Ya so ya yi gardama, ya ga fuskarta, ya fasa. Ta biya, ya karɓa.

"Me za ki yi?" ya tambaya tana bakin ƙofa.

"Shirina zan yi ranar Juma'a. Baba ne da kansa ya ce in yi."

Ranar Juma'a bayan la'asar gidan Alhaji Badamasi ya sake cika. Abdulrazak dai bai faɗa wa kowa an mayar masa da kaya ba, girman kai ya hana shi. Gwaggo Memuna kuwa har da sabon leshi, ta tara mata a tsakar gida, kowace da waya a hannu, ana jiran a ji amarya tana godiya. A zaure ma Alhaji ne da abokansa, an jingina waya a jikin buta.

Latifa ta shiga ɗakinta ta saki labule. Ta jona makirfon, ta sa abin sauraro, ta gyara zama. Tsoro take ji, ba ƙarami ba. Ta yi bismilla ta buɗe shirin kai tsaye.

"Assalamu alaikum, masu saurare na Jugu da Paraku da duk inda kuke. Latifa Badamasi ce. Yau kafin mu shiga hira ina da magana."

Ta ji tsakar gida ta yi tsit.

"An raba goro a Wangara da sunana. Duk wanda ya ci, na gode, don alheri ya yi nufi. Baba Saley da ya yi shela bai yi ƙarya ba, abin da aka ce ya faɗa shi ya faɗa, kuma duk wanda ya zarge shi ya zalunce shi. Mahaifina ma ba shi ya kwance goron ba. Amma ni ba a tambaye ni ba. Da an tambaye ni, da na ce a'a a cikin ɗaki, ba wanda ya ji. Tunda a titi aka faɗa, dole a titi zan amsa. Ban amince ba."

Salati ya tashi a waje. Ta ji muryar Gwaggo tana cewa a shiga a kashe abin nan, amma ba wadda ta motsa. Su ma so suke su ji ƙarshen, munafukai.

"Yaya Abdulrazak ɗan'uwana ne, na mayar masa da kayansa a ɗaure yadda suka zo, Allah ya ba shi wadda ta fi ni. Wanda nake so sunansa Zailani, ɗan Saley, tattaɓa-kunnen makaɗin ayari. Na faɗi asalinsa da kaina don kada wani ya wahalar da kansa zuwa faɗa min. In riƙe makirfo a yi wa jama'a magana shi ne abin kunya, to ga shi a hannuna, kun daɗe kuna saurare kuma ba wanda ya toshe kunne."

Labule ya ɗaga.

Ba Gwaggo ba ce. Alhaji Badamasi ne, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Latifa ta yi maza ta zare igiyar daga kwamfuta. Duk abin da zai faɗa, ba ta yarda duniya ta ji shi a bakin mahaifinta ba.

Ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Kin gama?" ya ce. Ba tsawa, ba zagi. Da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

"Ban gama ba, Baba. Amma na faɗi wadda ta dame ni."

"Limami yana zaure. A gabansa na ji." Ya ƙaraso tsakiyar ɗakin. "Kin warware abin da Memuna ta ƙulla. Bayan wannan ko kyauta aka ba Abdulrazak ke ba zai karɓa ba. Kin yi nasara."

"Ba nasara nake nema a kanka ba."

"To saurara. Ba zan kore ki ba, ba zan yi miki baki ba, 'yata ce ke. Amma ba ni ba waliccin aurenki da ɗan Saley. Ba ni, ba ƙannena, ba duk wanda ya fito daga gidan nan. Ki je ki nemi mai ba da ke."

Sai a lokacin ta ɗaga kai, ta ga hawaye yana bin gemunsa. Zuciyarta ta karye, don duk duniya ba wanda take so kamar wannan tsoho mai taurin kai. Ta san akwai alƙali, ta san akwai malaman da za su ɗaura in uba ya ƙi ba da hujja. Ta kuma san in ta bi ta nan, ta rasa shi ke nan har abada.

"Ba inda za ni, Baba," ta ce, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya. "Ba zan nemi kowa ba. Kai ka haife ni, kai za ka ba da ni, kuma Zailani za ka ba. Ko shekara nawa ne, a ɗakin nan za ka same ni."

Har ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"To ki shirya tsufa a cikinsa."

Ya saki labulen ya fita.

Latifa ta daɗe a durƙushe tana kuka mara sauti. Da ya lafa ta tashi, ta wanke fuska da ruwan buta, ta koma kan kujera. Ta mayar da igiyar makirfon jikin kwamfuta.

Ta matso da bakinta.

"Ku yi haƙuri da ɗan katsewar da aka samu," ta ce. "Mu ci gaba."